Hannun Hagun Ummi a Filin Daura

Mun tashi da asuba daga Babban Mutum, ana sallame salla. Bari in fara faɗa muku waɗanda ke cikin motar, domin ni ba na shiga mota ban san da wa na shiga ba. Akwai direba, dattijo mai furfura a gemu, wanda na san uwarsa. Akwai Malamar wasanni ta makarantar 'yan mata, da usur rataye a wuya kamar laya. Akwai 'yan gudu huɗu: Zinatu, da Sa'a, da Larai, da jikata Ummi wadda ta ci sunana. Sai wasu 'yan mata masu tsalle da suka cika kujerun baya, na san gidajensu ko da ban riƙe sunayensu ba. Sai ni a bayan direba, inda zan ga titi, in na waiwaya kuma in ga kowa.

Ku da kuke ta tambayar me ya kai tsohuwa kallon guje-guje, ga dalili. Uban Ummi, ɗana na fari, ya gaji da jin ana cewa 'yarsa tana zabga gudu a fili kamar wadda aka biyo. Yarinya tana so, makaranta kuma ta zaɓe ta zuwa gasa a Daura. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, ki je ki gani. Abin da kika yanke, shi ke nan." Ba zan ɓoye muku ba, da hukuncina na shiga motar nan. Zan je ne don kada a ce ban gani ba, in dawo in ce a bari. Ummi ma ta san haka, shi ya sa tun da muka tashi ba ta sa baki a waƙar da sauran ke yi ba.

Hanya dai alhamdu lillahi. Kaka ta yi, an yanke gero, ga dammuna jere a gonaki, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran ranarta. Daga Baure zuwa gaba mun yi ta wuce amalanken shanu. Akwai wuraren da titi ya farfashe, direba yana kauce wa rami yana faɗawa wani, 'yan mata suna ihu. Na waiwaya sau ɗaya, aka yi tsit.

A Zango muka tsaya karin kumallo. Ƙosan yanzu ya ƙanƙance, kuɗinsa ne kawai yake girma, amma kokon matar da ke sayarwa ya ji kayan yaji, ba zan ci haƙƙinta ba. A nan ne Zinatu ta miƙo mini ƙunshin ƙosai da hannun hagu, domin damanta yana riƙe da kofi. Ban karɓa ba. Na dube ta, na dubi hannun. Ta yi sauri ta ajiye kofin ta sake miƙowa. Sauran suka ƙunshe dariya, Ummi ta ce mata ƙasa-ƙasa, "Ai na gaya miki. Mu a gidanmu ko tsintsiya ba a miƙawa da hagu." Gaskiya ta faɗa. Tun tana rarrafe nake buge mata hannun nan, har ya san inda ya kamata ya tsaya.

Da hantsi muka shiga Daura. Rabona da garin an daɗe, na tarar babura sun yi yawa kamar fara, kowa yana sauri kamar ya bar tuwo a wuta. Filin da aka kai mu babba ne, an zana masa layuka farare zagaye. Kafin kowa ya sauka na ce a nuna mini kayan da za su sa. Dogon wando ne har idon sawu, da riga mai sauka gwiwa, da ƙaramin hijabi da ake cusawa cikin riga. Na juya su ciki da bai. Ban sami abin cewa ba, kuma na nema.

Na zagaya filin da ƙafata har na sami gindin wata darbejiya dab da layi, inda ba abin da zai wuce ban gani ba. Wata mata 'yar kabilar Ibo ta matsa mini a benci. Mijinta yana sayar da kayan gyaran mota kusa da tasha, 'yarta kuma tana yi wa wata makarantar cikin gari gudu. Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya. Ita ta bayyana mini yadda abin yake: gudun miƙa sanda, mutum huɗu, sanda ɗaya guntuwa, kowa ya yi nasa rabon ya danƙa wa na gaba. "Mama, ba mai gudu ake jira a ƙarshe ba," in ji ta, "sandar ake jira." Ta kuma ce na iya zaɓen wuri, domin a gabanmu ta biyu za ta miƙa wa ta uku. Ummi ce ta biyu a namu, Sa'a ce ta uku.

Aka busa usur. Zinatu ta fita kamar an harba ta, ta kai sandar ta sa wa Ummi a hannu. Ni ban taɓa ganin Ummi tana gudu ba, sai dai in aike ta ta dawo da wuri. Ashe haka take. Ba rawar kai, ba waige, ƙafa kawai take miƙawa, ta wuce ɗaya, ta wuce biyu, ta taho ita ce gaba. Na ji matar nan tana dukan cinyata tana cewa, "Taki ce? Taki ce?" Sai na lura na miƙe tsaye.

Sandar tana hannunta na hagu. Sa'a ta fara gudu, ta miƙo damanta ta baya, tafi a buɗe. Saura taku kaɗan Ummi ta ɗago ido, muka haɗa ido da ita. A gabana ta mayar da sandar daga hagu zuwa dama. Kafin ta gama, Sa'a ta yi nisa, Ummi ta miƙa ta sami iska, sanda ta faɗi ta gangara.

Fili ya ɗauki "Kash!" Na ce a raina yanzu za ta tsaya ta rufe fuska. Ba ta tsaya ba. Ta duƙa ta tsinci sandar ana wuce ta ɗaya bayan ɗaya, ta bi Sa'a ta danƙa mata. Da sandar ta isa hannun Larai, sauran makarantu sun kusa gamawa. Larai, 'yar guntuwa da ita, ta zage ta yi gudun nan ita kaɗai a fili kamar akwai wanda za ta kamo. Da farko yara suna dariya, kafin ta kai sai tafi. Mu ne na ƙarshe.

Da suka dawo inuwa, Sa'a ta fara. "Ke kuma sai ka ce surukarki za ki miƙa wa ruwa! Da kin durƙusa ma kin ce ga shi, ranki ya daɗe!" Ummi kuwa sai hawaye. Malama ta ɗaga hannu ta ce, "Sa'a, ke ma kin fita da wuri. Sanda ta mutum huɗu ce, in ta faɗi ku huɗu kuka yar." Yarinya ce Malamar nan, ba ta wuce sa'ar autata ba, amma ban ji abin gyarawa a maganarta ba.

Na ja ta gefe na tambaye ta me ya sa sai da hagu. Ta ce ta farko tana riƙewa da dama ta sa a hagun ta biyu, ta biyu ta sa a daman ta uku, don kowa ta kama gefenta kada su taka juna. Ta ce ta daɗe tana fama da Ummi a kan wannan, har hannun ya saba, a makaranta ba ta ƙara kuskurewa ba. "Ban san me ya same ta yau ba, Hajiya." Ni na sani. Ban faɗa mata ba.

Bayan azahar aka kawo shinkafa da wake a babban faranti. Ina kallo su huɗun suka zauna suka sa farantin a tsakiya. Can Sa'a ta tura yankin ƙwan da ke gabanta zuwa gaban Ummi ba tare da ta dube ta ba, ta ce, "Ci, da dama dai." Larai ta ƙware don dariya. Ummi ma sai da ta murmusa. Na san manyan mata da suka shekara ba sa gaisawa a kan abin da bai kai wannan ba.

Da la'asar muka kamo hanya. Na sayi fura a bakin tasha, domin ba a zuwa Daura a koma hannu sake. Mota ta yi shiru, yawancinsu sun yi barci. Mun wuce Zango Ummi ta matso kusa da ni ta ce, "Kaka, ba sai kin gaya wa Baba komai ba. Ni da kaina na bari."

Ga abin da na fito nema an kawo mini har kujera, ba tare da na buɗe baki ba. Amma bai yi mini daɗi ba. Na ce, "Wa ya tambaye ki?" Ta koma wurinta.

Ni ban yi boko ba, amma ga abin da na gano a tafiyar nan, gani kuwa ya kori ji. Abin da na koya wa yarinyar nan a kan hannu, ban janye ko kalma ɗaya ba. An hana miƙa abu da hagu ne don kada a wulaƙanta mai karɓa. To a filin can, mutunta Sa'a shi ne sanda ta isa tafinta a kan lokaci. Wannan ban koya mata ba, domin ni ma sai ranar na sani. Kuma yarinyar da ta duƙa ta tsinci abin da ta yar a gaban jama'a ta ci gaba, ba zan bari ta koyi ajiye aiki a ranar da ya ba ta kunya ba. Wadda ta saba da haka, gobe ko miya ce ta ƙone sai ta ce ta bar girki.

Mun iso gida ana kiran magariba. Ubanta yana zaure yana jira. Ya ce, "Inna, an dawo lafiya? Yaya aka yi?" Na miƙa masa furar na ce a dama, magana sai da safe.

Washegari bayan na idar da salla, na je bayan rumbu na zaɓi karan dawa mai kauri, na yanke shi daidai tsawon sandar can. Na ta da Ummi, na sa mata shi a hannun hagu, na ce ta koma bakin zaure. Na tsaya a tsakar gida, na juya mata baya, na miƙa damana ta baya kamar yadda na ga Sa'a ta yi.

"Rugo ki sa mini."

Ta rugo. Da ta iso na ji ta ja birki, na waiwaya na ga karan ya koma dama.

"Koma. Da hagu na ce."

"Kaka, ke fa?"

"Ni ɗin. In kin iya sa mini, babu idon da zai ƙara kayar miki da sanda."

Sai a karo na uku karan ya sauka a tafina da ƙarfi, har ya yi mini zafi. Na ce ta sake. Muna cikin haka ubanta ya dawo daga masallaci, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon uwarsa da hannu a baya. Hukuncin da yake jira ke nan, ya gan shi da idonsa. Ya gyara hularsa ya wuce ɗaki.

Da na gaji na zauna a kan turmi na ce ta kawo mini ruwa. Ta kawo, ta durƙusa, ta miƙo da dama. Na duba hannun da kyau kafin na karɓa.