Wutar Jego a Hanyar Tasawa

Mun tashi da asuba daga Maraɗi, ɗari na cizon kunne, ni da direbanmu a cikin tsohuwar motar ofis wadda tagarta ɗaya ba ta rufuwa. Ni ungozoma ce ta gwamnati, furfura ta same ni a wannan aiki, amma wannan karon ƴar aike aka mai da ni. Manyanmu sun rubuta jagorar lokacin sanyi don kowane majo, wato shugaban gidan likitan ƙauye: a ƙirga numfashin yaro mai tari, a yi allurar ƙyanda, a sa ido kan sanƙarau, a lulluɓe jarirai da masu jego, a bar ƙofar iska in akwai wuta a ɗaki. Tuni an aika da ita ta hannun komandan, wato mai mulkin kowane yanki, don a zamanin nan na soja ko maganar tari sai ta bi ta hannun mai kaki. Mu namu shi ne mu bi baya mu ga yadda ake aiki da ita.

A shingen Cadawa aka fara ɓata mini rai. Takardunmu cif suke, amma aka ce sai shugaban shingen ya gani, shi kuwa yana shan shayi. Muna zaune rana ta fito, ta ɗaga, shayi bai ƙare ba. Da ya iso bai ko buɗe takardun ba, sai ya leƙo ya ce, "Madam, ba ku da ƙwayar mura?" Na ba shi, na haɗiye abin da ke bakina, don ina da ƴaƴa.

Daga nan muka bar kwalta muka hau jar ƙasa zuwa Mayahi. Kai, wannan hanya! Na ji kowane haƙori nawa daban. Gonaki fayau, ko kara babu, fari ya cinye gero mutane kuma sun kwashe karan. Ƙauyen da muka ratsa duk mata ne da tsofaffi, mazan sun tafi cin rani. A kasuwar Mayahi na tambayi kuɗin tiyar gero, da mai awo ta faɗa sai na zaci zolayata take. Garin rogo ake wawaso, da jar dawar agaji wadda tuwonta ke kwana a ƙirji. Abu ɗaya ne na gani mai araha: kanwa, tuli-tuli, raƙuma sun sauke ta daga arewa. Muka sayi ƙosai da wata fura da ta fi kusa da ruwa, muka wuce.

Gidan likita na farko da muka tsaya, majo ya tarbe ni da jagorar a hannu, ya karanta ta sarai. Sai ya nuna mini agogonsa, ba shi da tsinken daƙiƙa, da me zai ƙirga numfashi? Firjin allura kuma ba kananzir, buhun gyaɗarsa ya ajiye a ciki don ɓeraye. Na buɗe baki in yi faɗa, na rasa wa zan yi wa. Muka kwana a Kanan-Bakashe, washegari muka nufi wani ƙauye da ke gefen hanyar Tasawa.

Tun daga nesa na ga hayaƙi yana tashi daga gidaje, ga rana tsaka. Na ce da direba, mutanen da ba su da abin dafawa, me suke hurawa haka? Maigari ya fito da fara'arsa, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, ya ce, "Madam, ki gaya wa komandan mun cika umarni. Ba gidan da ba wuta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane umarni?"

Ashe ga yadda aka yi. Jagorar da Faransanci take, shafi bayan shafi. Wani dogarin komandan ne ya kawo saƙon da baki, ya taƙaita wa maigari. Maigari ya ƙara taƙaita wa mai shela. Mai shela ya zaga gari da gangarsa yana cewa gwamnati ta ce a gasa masu jego da jarirai da ɗumi, duk gidan da sanyi ya yi kisa maigida zai amsa tambaya a gaban soja. Maganar ƙofar iska ta faɗi a hanya, maganar numfashi ta faɗi, ɗumin kaɗai ya iso, da bindiga a bayansa. Wallahi na ji kaina ya yi zafi. Mutanen da tun kakanni suke wankan jego da tafasasshen ruwa, su aka je aka ce wa su ƙara wuta!

Maigari bai lura da fuskata ba, ya ce in zo in ga gidan da ya fi kowane ƙoƙari. A tsakar gidan na ga gurbin rumbu, sai duwatsun da yake zaune a kai. Masu gidan sun ce tunda ba hatsi a ciki, sun kwance shi suna dafa ruwan wanka da itacensa. Ɗakin kuwa an toshe ƙofarsa da tabarma biyu. Na ɗaga na shiga, hayaƙi ya mare ni.

Mai jegon na zaune a kan gadon ƙasa, garwashi a ƙarƙashinsa, ta jingina da bango tana jan numfashi da kafaɗu. Ɗanta na fari ne, ta zo wankan gida wurin uwarta. Ƙafafunta sun kumbura, fuska ta cika. Na danna yatsa a ƙwaurinta, ramin ya tsaya bai tashi ba. Na ce ta kwanta, ta girgiza kai, in ta kwanta numfashi ɗaukewa yake. Na ɗanɗana kunun da ke gefenta, na tofar. Gero ya yi wuya, kanwa ta yi araha, sai aka rage wancan aka ƙara wannan. Na san ciwon nan, na ga matan da ya kwashe: zuciya ce ta gaji, ruwa ya taru a jiki, zafi da kanwa suna ƙara mata kaya.

Na juya wurin uwar, wata tsohuwa siririya mai jajayen idanu saboda hayaƙi. Na ce, "Inna, ɗiyarki zuciyarta ce. A kashe wutar nan, a bar kanwa, mu tafi da ita Tasawa yanzu."

Ta ce, "Sanyi ne ya shige ta, ɗiyata. Ba ki ga kumburi ba? Ni haka aka yi mini, ga ni."

Na yi bayani, na sake yi. Na kwatanta da jakin da aka yi wa lodi fiye da ƙarfinsa. Ta saurara da ladabi, ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, mijinta kuma yana Kano, wa zai ba da izini? Sannan ta rage murya ta ce, "In muka kashe wuta ta mutu, mu za a kama."

Nan na gane. Tsohuwar nan ba taurin kai ne da ita ba, tsoro ne, kuma rumbunta ta ƙone don ɗiyarta. Ni kuma ga yarinya tana shaƙewa a gabana. Tun da na shigo garin nan nake tsine wa wannan hali na mai da shawara umarni, amma ban ga wata ƙofa ba. Na miƙe, na gyara farar rigata, na ɗaga murya yadda maigari zai ji daga waje: "Sabon umarni ne daga sama. Duk mai jegon da ta kumbura a kai ta Tasawa yau, wanda ya hana shi zai amsa."

Ikon Allah! Bayanin da na yi har maƙogwarona ya bushe bai motsa kowa ba, wannan ƙaryar kuwa kafin in rufe baki an kwashe garwashi. Maigari da kansa ya ce izinin miji a wuyansa. Aka ɗora mai jegon a kujerar gaba a zaune, tsohuwar da jariri a baya tare da ni. Direbanmu, wanda bai taɓa ganin ramin da ya kauce wa ba, ranar lallaɓa motar ya yi har Tasawa.

A babban gidan likita aka yi mata allurar fitar da ruwa, aka hana ta gishiri da kanwa. Da na leƙa da safe na tarar ta kishingiɗa tana ba ɗanta nono, numfashi ya fara sauka. Na ji daɗi har idona ya kawo ruwa. Tsohuwar ta biyo ni har bakin mota, ta riƙe hannuna ta ce, "Madam, mun gode. Amma in umarnin ya sake canjawa, wa zai gaya mana?" Na ce Allah ya ƙara sauƙi.

Muka kamo kwalta zuwa Maraɗi, ban ko sauka a gida ba na wuce ofis. Na zayyana wa shugabanmu komai, na roƙa a aika gyara. Ya ce jagorar ba ta da kuskure, kuma gaskiyarsa, ba ta da shi. Ya ce abin da aka riga aka sa wa hannu daga sama ba a taɓa shi sai baɗi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, maganar lafiya ba a aika ta, kai ta ake yi, da ƙafa, a zauna a tabarma a faɗe ta da Hausa har a ga an gane. In ta bi ta hannun masu tsoro, abin tsoron kaɗai ke isa. Na iso gida lafiya, na tarar da yara lafiya, amma tuwo ya ƙi shiga. Mace ɗaya motarmu ta ɗauko. Gidajen da na ga suna hayaƙi a ƙauyen nan sun fi haka, kuma har yanzu ba wanda ya ce musu su kashe wutar.