Hanyar Iya Tabawa

Shekarun da na yi a gini sun fi shekarun wasunku a duniya, kuma gidaje da yawa da hannuna ya taɓa na manta da su. Amma ranar da muka rufe katangar benayen nan na bakin layin dogo a Daura ba ta taɓa fita raina ba.

Ku da kuka shigo sana'ar yanzu ba ku san wurin a da ba. Fili ne na rairayi a bayan unguwarmu, da 'yan gonakin gero, nan muka yi langa muna yara. Da aka ce layin dogo zai biyo ta nan, tun ba a ga ƙarfe ko ɗaya ba ƙasa ta yi daraja. Masu hali suka riƙa zuwa suna saye, maƙwabtanmu suna sayarwa suna komawa can hanyar Sandamu. Wani Alhaji, baƙo ne a garin, ya sayi filin gaba ɗaya ya tayar da benaye na haya, irin waɗanda kowane iyali ke kulle ƙofarsa, ba zaure ba tsakar gida. Ni aka ba shugabancin magina, wato foman. Ni ke raba aiki da safe, ni ke duba igiya da ma'auni, in bango ya karkace kuma ni ake nema.

Ta tsakiyar filin akwai wata 'yar hanya. Daga ƙofar masallacin unguwa take tasowa, ta ratsa filin, ta shige ƙarƙashin layin dogo ta wani kwalbati da aka bari saboda mutane da shanu, ta ɓulle maƙabarta. Duk wanda ya rasu a unguwarmu ta nan ake bi da shi a kafaɗa, wannan ya kama makara ya ɗan taka ya sakar wa wancan, har tsofaffi masu sanda su samu nasu ladan. A zanen da aka ba mu kuwa babu hanya, katanga ce ta zagaye ko'ina, da ƙofa ɗaya tak ta wajen kwalbatin.

Iya Tabawa ce ke kawo mana fura wurin aiki. Ƙawar kakata ce, don haka tun ina yawo ba wando take kirana angonta. Kullum sai ta ajiye ƙwaryarta a bakin hanyar nan ta fara tsokanata.

"Angon banza, kana gina wa baƙi bene, ni ka bar ni a ɗaki mai yoyo."

"Ai ke kika ƙi tarewa, amarya."

Wata rana da katanga ta kusa haɗewa, sai ta dube ta ba dariya, ta ce, "Ilu, ka dai bar mini hanyata. Ta nan aka wuce da uwata, ta nan aka wuce da mijina Malam. Ni kada a loda ni a mota kamar buhun gero."

Na ce, "Haba Iya, ke da za ki binne mu duka."

Wasa na mayar da maganar, amma ta zauna mini a rai. Sai na yi ta jan ƙafa, na bar giɓi a katangar daidai bakin hanyar, ina cewa ta nan motar yashi ke shigowa. Har aka gama fenti, aka sa tagogi, yashin ma aka daina kawowa. Daga ƙarshe Alhaji ya aiko cewa ranar Juma'a zai zo da masu haya, kada ya tarar da kafa ko ta ɓera. Ranar Laraba da yamma muka jera bulo muka rufe. A lokacin Iya ta kwana biyu ba ta fito ba, an ce zazzaɓi ne.

Alhamis da hantsi sai ga ɗanta Lawal. Tun daga tafiyarsa na gane. Ya ce Iya ta cika, za a yi jana'iza bayan azahar. Bai roƙe ni komai ba, katangar kawai ya tsaya yana kallo.

A ƙa'idar aikinmu, foman ba ya rushe abin da ke cikin zane sai da izinin mai gini. Na koma gefe na kira Alhaji na faɗa masa.

Ya ce, "Malam Ilu, mutanen nan saboda katanga suka kama haya. In na buɗe yau, gobe ma ai za a yi mutuwa."

Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ba ƙofa nake roƙo ba, aro nake roƙo. Simintin bai gama kamawa ba, bulon zai ciru ba tare da ya fashe ba. Da hannuna zan mayar."

Sai ya ce, "Kafin magariba ka turo mini hotonta a rufe."

Ba mu sa guduma ba. Da cokalin gini muka riƙa sassaƙe simintin muna ɗauke bulo ɗaya bayan ɗaya, muna jerawa a gefe. Leburori suka share hanyar tun daga giɓin har kwalbati, ba wanda ya sa su. Yawancinsu ba 'yan garin ba ne, amma duk sun sha furarta. Muka yi alwala muka bi sallah da siminti a wandunanmu.

Haka makarar ta ratsa tsakanin sabbin benaye, ƙanshin fenti ko'ina, tsofaffin unguwa na biye a hankali. A daidai giɓin na sa kafaɗata. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na ce a zuciyata, ga hanyarki nan, amarya. A nan hawaye ya ci ƙarfina, ban kuwa ɓoye ba.

Da aka dawo, na tsaya a bakin giɓin har liman, wanda shi ne na ƙarshe, ya ƙetare da sandarsa. Sannan na ce a kwaɓa siminti. Ni na ɗora bulon ƙarshe, na ɗauki hoto na tura. Alhaji ya amsa da "Allah ya jiƙanta." Ban riƙe shi a rai ba, ya ba da abin da zai iya.

Ita ce ta ƙarshe da ta bi hanyar. Yanzu in an yi rasuwa, a-kori-kura ake samowa a zagaya ta kwalta, samari su bi a babura, tsofaffi kuma su tsaya a ƙofar masallaci suna ɗaga hannu. Da damina, in katangar ta jiƙe, wurin da muka sake ginawa yakan fito daban, kamar shatar ƙofa. Masu hayar sun yi ƙorafi, an sake fenti, bai ɓace ba. Yaransu na buga ƙwallo a jikinsa.

Abin da na koya shi ne, zane yana nuna inda bango zai tsaya, amma ba ya nuna sawun mutane. Kafin ku ja igiya a fili, ku tambayi dattawan wurin su wa ke bi ta nan, masu rai da waɗanda ake ɗauka. Wataƙila ba ku da ikon hanawa, amma ku san abin da kuke rufewa. Ni dai na sani. Uwata da ubana duk ta nan na kama makararsu, kuma ni da na ɗora bulon ƙarshe, a mota za a kai ni.