Baba Mai Usur da Amanar Shekara Tara

Kafin ɗalibin farko ya shigo kwaleji, Baba Mai Usur ya riga ya share filin ajiye ababen hawa, ya sabunta layukan da ruwan sama ya goge, ya rataya usur a wuya. Shekara ashirin da shida ke nan yana haka. Ba ya riƙe sunan kowa. Lambar sitikar izinin da ke manne a babur ɗinka ita ce sunanka. Ni Ɗari Biyu da Bakwai ne, kuma har yau, da furfura a gemuna, haka yake kirana.

A kan doka, ba sani ba sabo. A gabanmu wani ɗan gata ya cusa motarsa a layin malamai.

"Baba, minti biyar kawai."

"Ɗana, minti biyar ɗin ma na malamai ne. Ja da baya."

Mun sha yin gulmarsa, Allah Ya yafe mana. Amma duk wanda ya manta hular kwano, a rumfarsa yake samunta.

Doka ɗaya ce Baba ya yi wa dabara: abin hawan da ya kwana uku a gurbi ɗaya, a ɗauke shi. Shekara tara da suka wuce, wani ɗalibi, Ɗari Huɗu da Sha Biyu, ya zo a ruɗe. An kira shi daga gida, mahaifinsa ba lafiya, kuma tafiyar ta fi ƙarfin tsohon babur ɗinsa. Ya damƙa wa Baba makulli.

"Baba, ga amana. Jibi zan dawo."

"Allah Ya kiyaye hanya. Yana nan."

Shiru kake ji. Ofis suka ce ya bar karatu, wayarsa ba ta shiga. Tun daga nan, duk bayan kwana biyu Baba yakan tura babur ɗin zuwa gurbi na gaba, ya goge masa ƙura. Farkon kowace shekara kuma ya bi layi da sa'annin jikokinsa don sabunta sitikar babur ɗin. Shugaban masu tsaro ya taɓa ce masa, "Baba, wannan ai wasa da hankali ne."

"Ranka ya daɗe, nuna min inda ya kwana uku."

Abin da ke taɓa min zuciya shi ne yadda yake ɗaga kai duk lokacin da bas ta tsaya a bakin ƙofa. Na tambaye shi ko bai gaji ba. Ya ce, "Ba ƙarfen ne ya dame ni ba. So nake in ji ya jikin baban nasa."

Ranar Juma'a Baba zai ajiye aiki. An kafa na'urar kati a ƙofa a madadinsa, ita kuwa ba ta tura babur. Usur na kwaleji ne, zai mayar. Makullin babur ɗin da ke ɗaure a igiyar usur ɗin ne bai san wa zai bai wa ba.

Baba, kai ne ka tsare mana doka ba ka wulaƙanta mu ba. Kai ne aka ce wa jibi, ka riƙe amanar shekara tara. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Mu da muke karɓar amana mu manta kafin la'asar, ga abin koyi.

Kai kuma Ɗari Huɗu da Sha Biyu, in wannan ya iske ka a raye, ka zo kafin Juma'a. A yau babur ɗinka yana gurbi na sha takwas, kusa da famfo. Baba yana da tambaya ɗaya.