Shuɗin Shinge a Kunashiri

Da safiyar Talata, sha ɗaya ga Nuwamba, matarka Tokiko ta kira ni ta ce ka cika a wani asibiti a Sapporo, nan arewacin Japan, Malam Kuramochi Shigeharu, kana da shekara tamanin da huɗu. Ina tsaye a ƙofar ajin da ka koya mini Rashanci, wanda yanzu nake koyarwa a cikinsa, na kasa shiga. Abin da ya fara faɗo mini shi ne ka tafi hanya tana rufe. Ka roƙa a ajiye tokar gawarka kusa da kabarin mahaifiyarka a tsibirin Kunashiri, ga shi Rasha ta dakatar da ziyara, an yi shekaru babu jirgin da ke kai mutanenmu can.

Duk wanda ya yi karatu a sashenmu ya san labarin kabarin nan, domin da shi kake buɗe aji kowace shekara, tun kafin ka rubuta harafi a allo. A tsibirin aka haife ka, a can mahaifiyarka ta rasu kana ƙarami. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Rashawa suka karɓe wurin, aka kwaso ku a jirgin ruwa, ita aka bar ta. Sai da ka zama saurayi aka ba ku izinin ziyarar kaburbura. Ka je da turare da ruwan da za ka zuba wa dutsen kabarin, yadda muka saba. Ka tarar an kewaye shi da shuɗin shingen ƙarfe, an kafa ɗan benci, ga alewa da gutsuren burodi a kansa, ga wata mata zaune tana cin dafaffen ƙwai.

Idonka ya rufe. Ka ɗauka wurin hutawa suka mayar da makwancin uwarka. Ka watsar da alewar, ka zazzaga wa matar masifa da Japananci, ita kuwa ta ɗaure ƙunshinta ta tafi. Sai a jirgi tafinta ya gaya maka haka Rashawa ke yi wa mamatansu: su zauna su ci abinci tare da su, su bar musu ɗan abin zaƙi.

"Jakin da ya yi wannan aikin shi ne malaminku," kakan ce mana. "Don haka kada wanda ya ji kunyar kuskure a ajin nan."

Mukan yi dariya, kai ba ka taɓa yi ba a wannan gaɓar. Ka ajiye aikinka a kamfanin kifi, ka shiga jami'a alhali ka girmi duk 'yan aji, don kawai ka ba matar haƙuri da harshenta. Aka daɗe kafin ka koma ka same ta, Raisa Trofimovna, ta tsufa. Ashe kabarin tata uwar yana can nesa inda ba ta iya zuwa, shi ya sa ta riƙe na taka. Ka sunkuya ka fara jawabin da ka yi ta haddacewa, ta katse ka. "Ɗana, bar dogon zance. Zauna ka ci, dubi yadda ka rame."

Ba ka da sauƙi a aji, Malam. Ka sa mu haddace waƙoƙi har mun tsani safiyar Litinin, ka kuma taɓa kayar da wanda ya fi mu nahawu saboda bai san yadda ake zama baƙo a gidan Barashe ba. Amma ni ba zan manta da zuwanka garinmu Nemuro ba. Babana masunci ne, masu gadin tekun Rasha sun taɓa ƙwace masa jirgi, ya rantse ba zan koyi harshensu ba. Ka yini a hanya ka zo, ka zauna a tabarmarmu, ka bar shi ya yi faɗansa har ya gaji. Sannan ka ce, "Nonomura, ran da suka kama ɗan maƙwabcinka, ba ka so a samu mai yi masa magana?" Washegari Baba da kansa ya ɗaukar mini jaka zuwa tasha.

Tunda aka rufe hanya, duk bazara kakan shiga jirgin tsofaffin 'yan tsibirin da ke tsayawa a iyakar ruwa. Ka zuba ruwanka a teku, ka dubi dutsen tsibirin, ku juyo. Ba ka taɓa zagin kowa a kan haka ba. Ni ce nake zagi, kana hana ni.

Bayan an ƙona gawarka dangi suka ce a kai tokar kabarin iyali a nan. Mama Tokiko ta ƙi. Ta ajiye ka a ɗaki, ta bakin tagar da ke duban gabas. Ta riƙe hannuna ta ce, "Chizuru, ni ba lallai in ga ranar ba, kuma ko kalma ɗaya ban iya ba. Ke za ki kai shi." Na ce to, Malam. Ban san yaushe ba, amma na ce to.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya jiƙan mahaifiyarka da matar da ta kula da ita. Allah ya ba Mama Tokiko da 'ya'yanka da ɗalibanka haƙurin rashinka. Ya kuma buɗe hanyar nan tun ina da ƙafar hawa jirgi.