Ranar da Na Kai Ɗana Jarrabawa da Damina

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, wasu ma da gangan, amma ranar da na kai ɗana jarrabawar shiga jami'a a tsakiyar damina ba za ta bar kaina ba sai ranar da aka tura mani ƙasa. Ko ni na so mantawa, mutanen garinmu ba za su bari ba.

Ni manomin albasa ne a fadamar Wurno. Bokona aji huɗu ne, shi ma rabinsa a gona na yi shi. Amma tun da aka fara sako mana ruwan dam ɗin Goronyo muna noman rani, akwai abu ɗaya da ko maƙiyina ya sallama mani: na san lokacin fitar da albasa. In aka cire ta da rani, kowa sai ya kwasa ya yi kasuwa, ta cika ta batse, dillalai su yi ta taka mutane. Ni kuwa sai in zuba tawa a rudu, rumfar nan ta kara da ciyawa da muke ajiya a ciki, in toshe kunnena. Sai ruwa ya sauka, albasa ta yi wuya, sannan in buɗe. Lokacin nan dillalan da suka yi mani dariya su ne ke zuwa ƙofar gidana suna tambayar lafiyar iyali. Abin ya shige mani kai, har na ɗauka duk duniya haka take tafiya.

Shekarar da babban ɗana zai gama sakandare, malaminsu na lissafi ya biyo ni har gona. Kirista ne mutumin Zuru, ya daɗe a garinmu har yaranmu ba su san shi da wani gari ba. Ya naɗe ƙafar wando ya tsallako ruwa, ya ce an buɗe rajistar jarrabawar shiga jami'a, in hanzarta a yi wa yaron, don kansa na ja, kuma karatun yana nan da zafinsa. Na tambaye shi yara nawa za su zauna. Ya ce duka, na Wurno da Rabah da Goronyo, kai, na ƙasar nan gaba ɗaya. Na ce to gurbin fa? Ya ce gurbi kaɗan ne. Ni dai abin da kunnena ya ji shi ne: kaya sun cika kasuwa, masu saye ba su da yawa.

Na ce masa ba yanzu ba. A bari tururuwar ta wuce, in damina ta yi tsaka, yara sun yi wuya, sai in fito da nawa. Ya tsaya yana kallona. Ya ce sau ɗaya ake yin ta a shekara, wanda ya rasa sai baɗi.

Na ce, "Malam, wagga magana ta dillalai ta. Kullum in ba ka saida yau ba, wai gobe babu mai saye. Shekara nawa ina jin ta."

Yaron ma ya faɗa mani, sau biyu, kansa a ƙasa. Uwarsa ta faɗa ya fi sau goma, kanta ba a ƙasa ba. Na ce dukansu ba su taɓa ajiye ko buhu ɗaya ba balle su koya mani lokaci. Kuma tun da na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka: lokacin cirar albasa ne, ina bukatar hannu a gona, hannun yaron kuwa ya fi na ɗan ƙwadago biyu. Wannan ban faɗa wa kowa ba, har kaina ban faɗa wa ba sai daga baya.

Aka yi rajista, aka rufe. Wata safiya abokansa suka cika mota suka tafi Sakkwato, shi yana ɗaukar mani buhu. Uwarsa ta daina yi mani maganar, ni kuma na ɗauka na ci nasara.

Da gero ya kai gwiwa, na buɗe rudu, albasa ta yi mani yadda na so. Sai na ce to, saura ɗayan. Na sa aka ɗinka wa yaron sabon kaftani, na sayo fensir guda shida don kada ɗaya ya karye, na cika ƙaramin buhu da zaɓaɓɓiyar albasa don babban wurin. Uwarsa ta raka mu ƙofa ta ce Allah ya kiyaye hanya, da wata irin murya mai laushi da ya kamata in yi zarginta.

A Sakkwato ɗan kabu-kabu, mai babur ɗin haya, ya kai mu makarantar da abokansa suka zauna tasu. Muka tarar da ƙofa a rufe. Ta cikin ƙarfen ƙofar na hango fili fetal, ciyawa ta tsiro, awaki uku suna kwance a barandar ɗakin jarrabawar. Wallahi daɗi ya kama ni. Na zunguri yaron na ce, "Ka gani? Ko mutum guda babu. Yau kai za su ɗauka, ko sun so ko sun ƙi."

Mai gadi, wani tsoho da rediyo a kafaɗa, ya fito yana ɗingishi ya ce, "Malam, lahiya? Mi yak kawo ku?"

Na ce jarrabawa muka zo. Ya ce wace? Na gaya masa, har na ƙara da bayanin dalilina, tiryan-tiryan, don ya san ba da sakarai yake magana ba. Ya saurara har ƙarshe. Ya kashe rediyon. Sannan ya dafa ƙofa ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, sai kafaɗa ke rawa. Da ya sami numfashi sai ya kira mai shayin tsallaken hanya ya ce in Allah ya yarda in maimaita masa daga farko.

Ban haƙura ba. Na ce a kira mani babban wurin, aka ce ana hutu. Na tambaya ko babu wata 'yar ƙarama ta tsakiyar shekara, ko da ta ragowa ce. Mai gadin ya share hawaye ya ce, "Malam, wagga ba kasuwa ba ta, balle ka taho wani mako. An yi, an duba, an ɗauki na ɗauka." Ya nuna bangon gefen ƙofa, inda aka taɓa manna sunaye, ruwa ya cinye rabinsu.

Sai a lokacin na waiwaya. Yaron yana tsaye gaban bangon cikin sabon kaftaninsa, fensir shida a aljihu, ya ɗora yatsa a kan wani suna. Na ce wane ne. Ya ce ɗan maƙwabcinmu ne, wanda yake zuwa zaurenmu ɗana yana koya masa lissafi. Nan dariyar mai gadi ta tsaya.

Muka hau mota muka juyo. Da muka kusa gida na rage murya na ce in an tambaya, mu ce asibiti muka je gaida mara lafiya.

Ya ce, "Baba, ba sai mun yi ƙarya ba. Kowa ya sani tun kahin mu taso. Inna ta ce a ƙyale ka ka gani da idonka."

Haka kuwa aka yi. Muna sauka, 'yan majalisar bakin tasha suka miƙe gaba ɗaya suna yi mani sannu da jarrabawa, wani dattijo yana tambaya ko kasuwar ta yi kyau. Washegari na ɗauki ƙafata na je gidan malamin nan na ba shi haƙuri. Bai ce ai na faɗa maka ba. Ya ce a turo masa yaron kullum bayan la'asar, kada karatun ya huce.

Da shekara ta zagayo, ranar da aka buɗe rajista mu ne na farko a layi. Ranar jarrabawa na tsaya cikin cincirindon da na guje wa, ana taka mani ƙafa, ban ce uffan ba. Ya ci, ya tafi, yanzu ma'aikacin gona ne, shi ke gaya wa irina irin takin da za mu zuba. Amma shekarar nan guda da ya yi yana kallon abokansa suna dawowa hutu da jakunkuna, ba ni da inda zan samo ta in mayar masa. Bai taɓa tayar da maganar ba, kuma da ya tayar da na fi samun sauƙi.

Abin da na koya ba shi da tsawo. Wanda ya iya abu ɗaya, abu ɗayan ya iya. In waɗanda suka san hanya sun ce lokaci ya yi, kuma lokacin na ɗanka ne ba naka ba, ka rufe bakinka ka kai shi.