Difilomar Mushe Arzika

Ku mutanen Filinge da kuka san mijin yayata, Mushe Arzika (Mushe ɗin Malam ne da Faransanci) na ofishin fansho da muke ce wa biro, kun san duk ranar Juma'a da hantsi sai ya hura gawayi a dutsen guga. Ba riga yake gogewa ba. Takardun shaidar horon da ya halarta yake jerawa a kan tabarma, ya rufa musu farin ƙyalle, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da na fara zama gidansu, kaina cike da littattafan soyayya na kasuwa, na ɗauka wasiƙun wata tsohuwar masoyiya ce da ƙaddara ta raba su. Har tausayin Yaya Rabi na ji. Da na leƙa sai na ga tambarin gwamnati.

"Mijin yaya, ashe waɗannan ne 'yan matan naka?"

"Su ne, amarya. Kuma ba su taɓa tambayata kuɗin lalle ba."

Tun zamanin soja ba a yin horo a Yamai a kan dokar ritaya bai je ba. Ya tafi da dambunsa a ƙullin leda, ya dawo da littafin rubutu da alƙaluma da sabuwar takarda. Wata rana motarsu ta lalace a Baleyara, ya tarar ana koya wa ma'aikata rigakafin shanu a ƙarƙashin rumfa. Ya shiga ya zauna kwana biyu, ya karɓo shaida. Yaya Rabi ta ce, "To wagga kuma ta mi ce?" Ya ce, "Tsohon sa da tsohon ma'aikaci kulawarsu guda ce. Kowane an gama noma da shi."

Kun kuma tuna takardar da 'yan fansho ke kawowa duk shekara, mai nuna suna raye. Malam Gado, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, kafaɗa da kafaɗa suke sallar asuba da shi, amma ranar da ya aiko ɗansa da takardar sai aka mayar masa. Ya zo da kansa yana huci.

"Arzika, ɗazun nan ka taka mini ƙafa a sahu."

"A masallaci na gan ka, Malam. A biro ban gan ka ba. Zauna, ci goro in ga haƙoran na aiki."

Bayan soja sun sauka sai doka ta zo: duk mai sa hannu a dosiyen fansho, wato fayil ɗin mai ritaya, sai yana da difiloma ta jarrabawa, shaidar halarta ba ta wadatar ba. Dosiyoyin da ya aika Yamai suka fara dawowa da jan layi a ƙarƙashin sunansa. Cikinsu har da na Inna Tamo ta garin Tabla, matar wani mai gadin daji da ya rasu ya bar ta da jikoki huɗu. Duk ranar kasuwa sai ta zo ta zauna bakin biro, ba ta cewa komai sai "Mushe, ina gajiya?" Mutumin nan ya rame kamar saurayin da aka mayar wa kayan zance.

Ya tafi jarrabawa. Aka tambaye su yadda za a gane shekarun ma'aikacin da ba shi da takardar haihuwa. Ya rubuta cewa a tambaye shi ko yana da wayo shekarar da fara ta cinye gero, in ya yi gardama a kira yayarsa. Ya faɗi. Karo na biyu aka ba su lissafin wani mai gadin daji, ya ƙi taɓawa, ya rubuta musu cewa a duk ƙasar Kurfai babu mai gadin dajin da ya taɓa ganin albashi irin wannan, su gyara tambayarsu. Ya sake faɗuwa.

A nan ne ya ajiye girman kai ya miƙo mini littafin dokar. Kullum bayan la'asar ina tambaya yana amsawa.

"Ba abin da ka sani nake so ba, mijin yaya, abin da ke rubuce."

"Wanda ya rubuta wanga bai taɓa zuwa Abala ba."

"Shi ne dai zai duba takardarka."

Ya yi tsaki ya haddace. Karo na uku ya ci. Sakamakon ya iso saura kwana tara ya yi ritaya. Abokan aikinsa suka yi ta dariya, wai ya sayi sirdi ranar da zai sayar da doki. Bai kula su ba. Ya ciro duk dosiyoyin da aka mayar, ya sake sa musu hannu, ya rungume su ya shiga motar Yamai, ya kai su tebur-tebur da kansa. A rana ta tara ya sauka a tasha, bai biya gida ba, ya nemi motar Tabla.

Inna Tamo ce ta ba mu labarin ranar zaman makokinsa. Ta ce ya tsaya bakin dangarta, rigarsa duk ta yamutse, ya miƙa mata takardar fanshon mijinta da hannu biyu, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Karatun ne ya yi mini wuya."

Allah ya jiƙan Mushe Arzika, ya karɓi ɗan abin da ya je da shi ba tare da an mayar masa ba. Ya Rabbi ka sanyaya makwancinsa, ka ba Yaya Rabi haƙuri. Amin.