Haddar Ƙamus

Nagoggo mutumin Sandamu ne, manomi kuma mahaddaci, izu sittin a ka tun yana saurayi. Zuciya gare shi kamar garwashi, ga taurin kai na gado. Amma duk wanda ya san abin da aka yi masa ba zai ga laifin fushinsa ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a wani ɗan kwangila ya zo da baki mai zaƙi, ya nemi aron gonarsa ta bakin hanyar Daura, wai shekara biyu kacal, ya ɗebi tsakuwa ya mayar. A gaban tsoho Mati, maƙwabcin Nagoggo, aka yi maganar. Ɗan kwangilar ya miƙo takarda cike da gagga-gaggan kalmomin Turanci, Nagoggo ya dangwala yatsa. Da wa'adi ya cika sai aka ce masa ai sayarwa ya yi. Gonar gado fa! Allah wadaran mai cutar wanda bai iya karatun boko ba.

Mati ya ce masa, "Tashi mu je kotu tun ina da rai. Da kunnena na ji ya ce aro."

"Kotu? Su sa mini tafinta? Tafintan wa? Wallahi ba na shiga sai jinina ya karanta takardar nan a gaban alƙali!"

Jinin nasa kuwa Madina ce, 'yarsa mai shekara goma sha huɗu, 'yar sakandare. Ya je kasuwar Daura ya sayo ƙamus na hannu, mai kaurin bulo, ya haɗa mata da allo da tawada. Yadda aka koya masa haka zai koyar, shi bai san wata hanya ba. Kullum bayan sallar asuba kalma goma daga farkon littafi, kowace da bayaninta na Turanci, ta rubuta, ta biya, ta wanke. Ko harafi ɗaya bai gane ba, amma kunnen mahaddaci ya san gargada. Da ta yi tuntuɓe zai daka tsawa, "Maimaita!"

Malama Fadila, mai koya musu Turanci, ta tako har zaure. Ta ce, "Malam, ba haka ake koyon harshe ba. A bar ta ta karanta labarai, ta riƙa sa kalmomin a zance."

"Malama, izu nawa gare ki?"

"Biyar, Malam."

"To ni sittin. Ni za ki koya wa hadda? A sauka lafiya."

Daga ranar ya hana Madina zuwa darasin yamma a gidan Malamar.

Shekara uku cur ana haka. Damina uku Nagoggo yana ƙodago a gonakin mutane, kullum yana wuce tasa tana zama rami. Mati ya yi magiya har ya gaji, a damina ta uku ya kwanta bai tashi ba. Nagoggo ya yi kukansa, amma ko gezau, kalma goma dai. Ranar da yarinyar ta kai shafin ƙarshe har zakara ya yanka.

Sai kotu. Alƙali, dattijo mai haƙuri, ya miƙa wa Madina takardar. Ta ɗauki kalmar farko ta zubo bayaninta, ta biyu haka, ta uku haka, kamar ruwan sama, ba gargada ko ɗaya. Mutane suka hau Masha Allah. Nagoggo ya gyara zama, ya harari ɗan kwangila.

Alƙali ya ce, "Madalla, 'yata. To da Hausa, me takardar ta ce? Aro ne ko sayarwa?"

Madina ta sake duban takardar. Mugun da ya rubuta ta ya kauce wa duk wata kalma mai sauƙi. Madina ta san kowace a ka, amma da suka haɗu ba su ce mata komai ba. Hawaye ya ɗiga kan takardar.

Magatakarda ya fassara cikin minti biyu: an mallaka har abada. Alƙali ya dubi Nagoggo. "Kana da shaidar da ya ji an ce aro?"

"Akwai... Allah ya yi masa rasuwa bara."

Shi ke nan, gona ta tafi.

A hanyar komawa, daidai ramin tsakuwar, Nagoggo ya juyo kan Madina. "Shekara uku! Kin tozarta ni a gaban jama'a!"

Kanta a ƙasa ta ce, "Baba, abin da ka ba ni shi na kawo. Ko sau ɗaya ba ka tambaye ni ma'ana ba."

Nagoggo ya juya ya fuskanci ramin. Shi kansa izu sittin ɗin nan, in ana tafsiri da azumi, zama yake cikin sahu yana saurare kamar kowa. Ya daɗe yana kallon ramin da a da yake ba shi dami arba'in na gero.

"Gobe ki koma wajen Malama Fadila."

"In ce mata me, Baba?"

"Ki ce ta yi gaskiya. Kada ki kuskura ki ƙara komai a kai."